Shatin Mazagi a Hannun Zarah

Ranar sunan jikar Baffa Wahabu abin ya fito fili, kuma alwala ce ta tona shi. Flat ɗin Baffa da ke unguwar Tottenham a London banɗaki ɗaya gare shi, mata kuwa sun cika falo har bakin ƙofa, don haka da la'asar ta yi sai aka ja layi a kicin, kowa na alwala a famfon wanke-wanke tsakanin tukwanen shinkafa. Tun safe Zarah, 'yar wan Baffa, take jan hannun rigarta ƙasa tana kaffa-kaffa. Da layi ya zo kanta sai ta manta, ta naɗe hannun rigar har gwiwar hannu yadda ta saba tun tana yarinya, ta tara ruwa.

Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifinta, tana gefe tana kwashe waina daga tanda. Idonta ya sauka a wuyan hannun Zarah. Wani shati ne ja, siriri, ya zagaye hannun dama, ga irinsa a na hagu. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, ɗauri ne.

Gwaggo ta ajiye cokali, ta matso, ta ja hannun rigar ta rufe da sauri. Ta yi ƙasa da murya.

"Haƙuri za ki yi, 'yar nan. Zama da namiji sai haƙuri. Ki dinga shafa man kaɗanya, zai baje. Kada ki bari kowa ya gani."

Ta koma kan wainarta.

Zarah ta tsaya, ruwa na zuba ta tsakanin yatsunta. Ta yi zaton kunya ce za ta kama ta, sai ga shi fushi ne ya taso mata. Matar nan ta goya ta a bayanta. Yau ta ga abin da ta ɗauka ɗauri ne da duka a jikin 'yar ɗan'uwanta, kuma duk abin da take da shi na taimako shi ne man kaɗanya. Ko "me ya same ki?" ba ta ce ba.

A bayan Zarah a layin akwai ƙanwarta Fauzia, nas a sashen gaggawa na babban asibitin koyarwa da ke Camberwell. Ita ma ta gani. Har aka watse ba ta taɓa abinci ba, kuma da Affan, mijin Zarah, ya zo ɗaukar matarsa ya gaishe ta, kallon bango ta yi.

Gaskiyar maganar, babu wanda ya zalunci Zarah. Ita ta nemi abin da bakinta.

Zarah 'yar fari ce. Mahaifiyarsu ta rasu ba su daɗe da zuwa London ba, ita tana sakandare, sai gidan ya faɗo a kanta. Ita ta yi wa Fauzia kitso, ita ta raka mahaifinsu wajen likita tana yi masa tafinta, ita ta yi jinyarsa har ya bi matarsa. Yanzu ita ce shugabar wani sashe a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, inda daga safe zuwa yamma ita ke cewa wannan a ba shi ɗaki, wancan ya jira, ana zaginta ana roƙonta a fuska ɗaya. Ta dawo gida kuma waya ta fara, daga Kano, daga Zariya, daga Peckham. Duk abin da ya rikice a dangi magana ɗaya ake yi: a kira Zarah, ita za ta san yadda za a yi.

Sai da suka shiga shekara ta biyu da aure ta iya gaya wa Affan abin da ke ranta. Wata Lahadi ce da rana, yana gugar rigunan da zai sa a mako. Ta zauna a bakin gado ta juya masa baya, don ba za ta iya faɗa tana kallonsa ba.

"Ina so wani lokacin ka riƙe ni yadda ba zan iya motsi ba. Ka ɗaure min hannu. Ka ba ni umarni, ka yi min da ƙarfi, ko da ɗan zafi. Ina so na samu lokaci ɗaya a duniyar nan da ba ni ke yanke hukunci ba."

Affan malamin lissafi ne a wata sakandare a Catford, mutumin da idan ya ga gizo-gizo a banɗaki sai ya ɗauke shi a kofi ya kai shi taga. Rigar da yake gogewa ta ƙone a ranar. Da farko cewa ya yi a'a, kuma ya gaya mata dalili. A Funtuwa ya tashi, a gidan da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na mahaifiyarsa, ya girma yana jin abin da mahaifinsa ke yi mata, ya kuma rantse tun yana yaro hannunsa ba zai taɓa sauka a kan mace ba.

"Ba yin ne ke ba ni tsoro ba," ya ce mata. "Idan na yi kuma na ji daɗinsa fa? Na zama wa ke nan?"

Wannan tambayar ta ɗauke su watanni. Da rana suke maganar, da shayi a gabansu, kowa da tufafinsa, kamar masu tsara tafiya. Suka fitar da abin da za a yi da abin da ba za a taɓa yi ba. Suka kuma ci karo da wata matsala da ba su suka ƙirƙira ta ba. Zarah, kamar kowace 'yar Hausa, an koya mata cewa mace ta gari ba ta nuna tana so, sai ta ja aji, ta ce "bari", ta ce "ka daina", ko da ranta na so. Maza kuma an koya musu cewa wannan "bari" ɗin ado ne, a wuce shi kawai. Haka aka taru aka lalata kalmar da mace za ta kare kanta da ita, sannan ake mamakin abin da ke faruwa a ɗakuna. Su biyun sai suka zaɓi wata kalma da babu mahalukin da zai faɗe ta don jan aji. Suka zaɓi "daddawa". Duk wanda ya faɗe ta a cikinsu, komai ya tsaya nan take, babu tambaya, babu fushi.

Shatin kuwa kuskure ne na wauta. Gyale mai laushi suke amfani da shi, ranar yana cikin injin wanki, sai suka zare mazagin wandon Affan. Ta ja hannu da ƙarfi, mazagi ya ci fata. Da ya gani sai da idonsa ya kawo ruwa, ya rantse daga ranar mazagi ba zai sake barin wando ba.

Washegarin suna Fauzia ta kira.

"Yaya, na ga hannunki."

"Ba abin da kike zato ba ne."

"Duk wadda aka kawo min haka take cewa. Wadda aka kawo min da karyayyen haƙarƙari ma cewa ta yi ba abin da nake zato ba ne."

"Fauzia, ki bar maganar nan."

Ba ta bari ba. Ta tafi wajen Baffa Wahabu, ƙanin mahaifinsu kuma waliyyinsu, ta ce masa ko ya yi wani abu ko ta kira 'yan sanda. Baffa ya aiko a zo zaman sulhu ranar Lahadi bayan azahar.

Zarah ta san abin da kiran 'yan sanda ke nufi ga malamin makaranta a ƙasar nan. Za a dakatar da shi kafin a gama bincike, kuma ko an wanke shi, sunan ya manne. A cikin Hausawan London kuwa, da kowa ya san motar kowa, har ya mutu "wanda ya ɗaure matarsa ya daka" za a dinga ce masa.

A cikin tube, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, a hanyarsu ta zuwa Seven Sisters, tashar unguwar Baffa, suna tsaye a matse tsakanin Turawa da masu zuwa kallon ƙwallo, Affan ya sunkuyo ya yi mata magana da Hausa, harshen da babu mai ji a taragon.

"Na yanke shawara. Zan ce na yi kuskure, ba zan sake ba. Baffa zai yi fatiha, Fauzia ta huce, a wuce wurin."

"Kuskuren me?"

"Duk abin da suke zato."

"Ka ce ka dake ni? Kai?"

"To me zan ce, Zarah? In zauna a gaban surukina in ce 'yarka ce ta roƙe ni? Sirrinki ne. Ba zan tona shi ba ko da aikin zai tafi."

"Ka gwammace a ce kai irin babanka ne?"

Ta ga maganar ta soke shi, fuskarsa ta yi wani iri, ya kama ƙarfen jirgin da hannu biyu. Amma sai ya ce, "Ni namiji ne, za a manta. Ke idan kika faɗa, matan nan ba za su sake kallonki daidai ba. Ki bar ni na ɗauka."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Namijin da ya daki matarsa, bayan wata biyu ana ba shi sahun gaba a masallaci. Macen da ta ce tana son wani abu a shimfiɗarta kuwa, har jikokinta sai an yi musu gori.

Baffa Wahabu ya daɗe a London fiye da kowa a dangi, kuma daga Tottenham har Peckham idan aure ya rikice wajensa ake kawowa. Abin alfaharinsa shi ne babu auren da aka kawo gabansa ya mutu. Hanyarsa kuwa ɗaya ce, kowa ya san ta: shi ba ya tone-tone. Ba ya tambayar me aka yi, wa ya fara. Miji ya ce ya tuba, mata ta ce ta yafe, a shafa fatiha, a kawo abinci. Matan da suka koma gida daga falon nan suka tarar da abin da suka baro yana jiransu, babu wanda ya taɓa ƙirga su.

Affan ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kan darduma, kansa a sunkuye. Zarah ta zauna kusa da Gwaggo Hansai. Fauzia ta ƙi zama, ta jingina da ƙofa, wayarta a hannu.

Baffa ya yi addu'a, ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri da rufin asiri da yadda shaiɗan ke shiga tsakanin ma'aurata. Sannan ya juya.

"Malam Affan, ni ba zan tambaye ka abin da ya faru ba. Abin da ya wuce ya wuce. Amanar da muka ba ka, ka ga ka riƙe ta yadda ya kamata?"

Affan ya ƙara sunkuyar da kai. "Baffa, na yi kuskure. Ina neman afuwa. In sha Allahu ba zan sake ba."

"Madalla. Haka ake son namiji. Zarah, kin ji mijinki. Sai ki yafe, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe mana."

Fauzia ta yi tsaki daga bakin ƙofa. "Shi ke nan, Baffa? An yi sorry an gama?"

"Ke, rufe mana baki. Manya na magana." Baffa ya ɗaga tafukan hannunsa. "Mu shafa fatiha."

Zarah ta dubi mijinta. Ya ɗaga hannu shi ma. Mutumin da ya rantse tun yana yaro, yau ya durƙusa ya sa rigar mahaifinsa da hannunsa don kada a kalle ta a karkace. Ta juya ta fuskanci Baffa.

"Baffa, a dakata da fatihar."

Hannun Baffa ya tsaya a sama.

"Ba zan yafe ba, don babu abin da zan yafe. Ƙarya ya yi muku. Bai taɓa zaluntata ba. Ɗaurin da aka gani a hannuna, ni na ce ya yi. Ni na roƙe shi, sai da na yi watanni ina roƙonsa. Abu ne da muke yi tsakaninmu da yardata, kuma ina so."

 Affan ya rufe fuska da hannu biyu.

Gwaggo Hansai ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta saki salati mai ƙarfi, ta dafe ƙirji.

"Ke Zarah! A gaban Baffanki? Wace irin ƙazanta ce wannan? Abin da zaman Turai ya koya miki ke nan? Wayyo ni Hansai, ina ma ƙasa ta buɗe!"

Zarah ta juya ta kalle ta sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gwaggo, ranar suna da kika ɗauka duka na ake yi, ba ki yi salati ba. Man kaɗanya kika ce na shafa. Yau da kika ji babu wanda ya cuce ni, yanzu ne ƙasa za ta buɗe?"

"Ni kike gaya wa magana?"

"Tambaya nake yi, Gwaggo. Wanne ne ya fi muni a wajenku?"

Baffa ya buga hannun kujera. "Subhanallah! Ya isa! Ke ba ki san addini ya hana tona sirrin shimfiɗa ba?"

"Na sani, Baffa. Shi ma ya sani, shi ya sa ya zauna a gabanka yana yi wa kansa ƙazafi. To addinin ya halatta mu shafa fatiha a kan ƙarya? Bawan Allah ya amsa laifin da bai yi ba, mu ce amin, mu ci shinkafa?" Ba ta tsaya nan ba. "Kuma da a ce da gaske ne ya ɗaure ni ya dake ni, abin da za a yi min ke nan? Ko tambayata ba a yi ba. Da yanzu ina cikin jirgi tare da shi za mu koma gida."

Baffa ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Ni ban yarda ba," in ji Fauzia.

Kowa ya juya.

"Yana zaune a nan yana jin ki. Me zai hana a ce shi ya tsara miki abin da za ki faɗa? Na ga mata da yawa suna kare wanda ya kusa kashe su, har da rantsuwa. Taso, Yaya. Ni da ke kaɗai."

Zarah ta miƙe ba musu. Suka fita daga flat ɗin zuwa matattakalar bene, inda ake jin warin fenti da girkin maƙwabta. Fauzia ta sa ta zauna, ita ta tsaya a gabanta, ta koma nas sak.

"Kina tsoronsa?"

"A'a."

"Kalle ni. Idan kin ji mukullinsa a ƙofa, gabanki na faɗuwa?"

"Sai dai idan na cinye masa kilishi."

"Ba wasa nake ba. Yana duba wayarki? Yana hana ki zuwa wani wuri? Ya taɓa yi miki wannan abin yana cikin fushi, ko bayan kun yi faɗa?"

"Ranar da muka yi faɗa ko kusa ba ma yi. Dokarsa ce ma, ba tawa ba."

"Ya taɓa kama miki wuya?"

Zarah ta kau da kai. Ta ga idon ƙanwarta ya ƙanƙance.

"Ni na taɓa cewa ya yi. Ya ƙi. Ya ce ko zan yi shekara ina roƙo ba zai sa hannu a wuyana ba, wai yardata ba za ta dawo da ni ba idan numfashi ya tsaya. Har fushi na yi da shi."

"Kin haukace ne?" Fauzia ta daka mata tsawa har muryarta ta amsa a benen. "Kin san nawa na gani? Ba ya ɗaukar lokaci, Yaya! Wata ma sai ta tashi lafiya, bayan kwanaki jini ya toshe mata a ƙwaƙwalwa!"

"Na sani yanzu. Na je na karanta. Shi ne da gaskiya, ni ce ban da hankali a nan."

Fauzia ta yi numfashi ta zauna a matakalar da ke ƙasa da ta yayarta. "To idan kina so ya tsaya fa? Hannunki a ɗaure, me za ki yi?"

"Akwai kalmar da nake faɗa."

"Wace kalma?"

"Daddawa."

Fauzia ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata ta hanci, ta toshe baki da mayafi. "Daddawa? Duk kalmomin duniya?"

"Ke gwada jan aji da ita ki gani." Zarah ma ta yi dariya, sannan ta natsu. "Tun farko-farko na taɓa faɗa ba tare da wani dalili ba, don in gani. Kafin na rufe baki ya sake ni, ya kwance gyalen, ya lulluɓe ni, ya kawo min ruwa. Bai tambaye ni me ya sa ba, har yau. Shi ma ya taɓa faɗa, ranar da abin ya tuna masa da gidansu. Na tsaya na riƙe shi har ya daina rawar jiki."

Fauzia ta juyo ta dube ta.

"Amma me ya sa, Yaya? Ke da kowa ke shakka? Ke da ko Baffa sai ya yi shawara da ke?"

"Shi ya sa. Tun ranar da Umma ta rasu ban ajiye kaya ba, Fauzia. A wajensa kaɗai nake saukewa, kuma ni nake cewa ga lokacin da zan sauke, ga lokacin da zan ɗauka."

Idon Fauzia ya cika. Ta san ita ma tana cikin kayan. Ta kamo hannun yayarta ta ture rigar, ta duba shatin da ya fara dushewa, ta danna nan ta danna can, ta ce ta motsa yatsu.

"Akwai jijiya a nan, idan aka matse ta yatsunki za su iya mutuwa. Abu mai faɗi, mai laushi, kuma yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashi. Wayyo Allah, ni ce yau nake koya wa yayata wannan." Ta share ido. "Kuma ki sani, zan sake tambayarki. Ba zan gaya miki ranar ba."

"Ki tambaya duk ranar da kika ga dama. A gidan nan ke kaɗai kika yi abin da ya kamata."

Sai suka ji motsi. Gwaggo Hansai ce tsaye a bakin ƙofar flat, ta buɗe ta kaɗan, ba su san tun yaushe ba. Zarah ta shirya jin wani salatin. Gwaggo ta dubi bayanta, ta tabbatar mazan ba sa ji.

"Da kika faɗi kalmar," ta ce a hankali, "ya tsaya?"

"Ya tsaya, Gwaggo."

"Nan take? Bai ce bari ya ƙarasa ba?"

"Nan take."

Gwaggo ta jinjina kai, ta daɗe tana jinjinawa, kamar wadda aka ba labarin wata ƙasa da ba ta taɓa jin sunanta ba. "Ikon Allah," ta ce. Ta buɗe musu ƙofar gaba ɗaya.

A falo Baffa da Affan suna zaune yadda aka bar su, kowa na kallon wani ɓangare na darduma. Fauzia ta sa wayarta a jaka, ta je ta durƙusa a gaban mijin yayarta.

"Ya Affan, ka yafe min. Na yi maka mummunan zato." Ta ɗago. "Amma wallahi da zan sake ganin irin haka, abin da na yi shi zan sake yi."

"Ki sake," ya ce. "Da Innata ta samu ƙanwa irinki, da ba haka ba."

Baffa ya yi gyaran murya har sau biyu. Dattijon da surukai ke durƙusa wa ya dubi wanda ke zaune a ƙasa.

"Malam Affan, na sa ka tuba a kan abin da ba ka yi ba. Wannan laifina ne. Ka yafe ni." Ya ɗaga hannu da sauri. "Sauran bayanin kuma ba na so, kada wanda ya ƙara min ko kalma ɗaya. Tsakaninku ne da Ubangijinku."

"Baffa, saura abu ɗaya," in ji Zarah.

"Ke dai yau kin samu wuri."

"Duk macen da za a sake kawowa falon nan, a tambaye ta ita kaɗai kafin a ɗaga hannu. Ba a gaban mijinta ba."

Baffa ya shiga jan carbi. Ba mutum ne da ke son a koya masa aikinsa ba, balle 'yar da aka haifa a gabansa. Gwaggo Hansai ce ta yi magana daga bakin kicin, ba tare da ta kalli yayanta ba.

"Yaya, yarinyar nan ta Peckham da za a kawo maka mako mai zuwa. Na ga yadda take tafiya ranar suna."

Baffa ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Fauzia. Ya sauke numfashi.

"Ke nas, kina aiki ranar Asabar?"

"Zan yi swapping da wata, ta karɓe ni ranar, Baffa."

"To ki zo da wuri. Ki shiga kicin da ita tukuna, ke da Gwaggonki. Abin da kuka ji shi za mu bi." Ya gyara hula. "Yanzu a kawo abincin nan kafin wani ya sake buɗe baki."

Da suka fito titi rana ba ta faɗi ba, masu ƙwallo sun taso suna ta waƙa a bakin tasha. Zarah ta ji jikinta sakayau, har wani tsalle-tsalle take a tafiya. Affan na biye da ita kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

"Kin san dai har abada ba zan iya sake haɗa ido da Baffa ba," ya ce.

"Da can haɗawa kake?"

Ya yi dariya, ta farko a makon nan, har ya tsaya ya dafa bangon wani shago. Ta jira shi ya gama, sannan ta kama hannunsa a tsakiyar titi, a unguwar da rabin masu wucewa sun san danginta, ta ja shi suka gangara cikin tasha.